Abin da Lado Ya Ci

Lado ya rasu da hantsi, a tsakar gidansu da ke Ƙofar 'Yandaka. Yana zaune gindin turmi ya faɗi, jikinsa ya shiga fizga, kumfa tana fita ta bakinsa. Kafin a kira mahaifinsa daga wurin saƙa, rai ya yi halinsa. Bai kai shekara takwas ba. Ɗan ƙanwata Kubura ne.

Ba a dawo daga maƙabarta ba ƙanwarsa Saudatu ta faɗi, ita ma da irin wannan fizgar. Aka saɓa ta zuwa babban asibiti. Can aka tarar da wasu yara biyu daga unguwar, duk ciwo iri ɗaya. Mai unguwa ya ce wannan ya wuce a yi shiru, ya aika wa 'yan sanda.

Bazara ce, bayan shekarun fari. A shekarar ne aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi. Gari ya cika da sababbin babura da rediyo, farashin hatsi kuwa ya tashi ya bar mutane a ƙasa.

Sajan Isiyaku ya zo ya zauna a zaure, ya yi gaisuwa, sannan ya dubi Malam Shehu, mahaifin yaran.

"Malam, mi yaran suka ci jiya?"

"Tuwon dawa da miyar kuka."

"Shekaranjiya fa?"

"Abin da muka saba ci."

"Kai ma shi ka ci?"

"Shi na ci. Ga ni kuwa lafiya lau." Malam Shehu ya gyara zama. "Sajan, saƙa ta mutu tun da yadin kanti ya cika kasuwa, wannan ban ɓoye ba. Amma gidana ba a taɓa kwana da yunwa ba."

Sauran gidajen biyu ma amsar ke nan. Tuwon dawa, miyar kuka, lafiya lau. Sajan ya ga iyakarsa zaure, ba shi da hanyar shiga wurin mata. Sai ya aika a kira Kofur Rahila.

Rahila mutuniyar kudancin Zariya ce, gajera, ba ta da yawan magana. Ta fara da asibiti. Likita ya kai ta bakin gadon Saudatu, ya ɗaga mayafi ya nuna mata ƙafafun yarinyar. Sun kumbura. Gashin kanta ya yi ja, ya yi laushi.

"Wannan yunwa ce, ta daɗe a jikinta," in ji shi. "Amma fizgar ba yunwa ba ce. Guba ce, irin ta maganin ƙwari. Babba mai ƙoshi zai iya sha da ƙyar, jiki irin wannan ba ya iyawa."

"Wane magani ne?"

"Shi nake son ki gano mini. Suna da yawa, kowanne da yadda ake bi da shi. Kuma ga abin da ya dame ni: sai ta farfaɗo, ta fara magana, can da yamma fizgar ta dawo. In ta sake yi mai ƙarfi, ba na jin za ta tashi."

Kubura tana zaune a ƙasa gefen gadon. Rahila ta durƙusa ta yi mata gaisuwa. Da ta riƙe hannunta sai ta ji ƙashi kawai.

"Mi suka ci, Kubura?"

"Tuwo."

"Bayan tuwo fa?"

Kubura ta kau da kai. "Sai abin da suka samu a waje."

A waje kuwa, mutanen unguwa sun riga sun yanke hukunci. Sun ce Rifkatu ce, matar wani kafinta ɗan Filato, mai suyar ƙosai a bakin hanya. Rahila ta same ta ta kife kasko ta kulle kanta a ɗaki, don tun safe ake jifar ƙofarta.

"'Yar'uwa, ki rantsar da ni da abin da kika ga dama," in ji Rifkatu. "Ƙullin da nake soyawa shi 'ya'yana ke ci."

"Wa ya sayi ƙosai ranar?"

"Wa bai saya ba? Direbobi, leburori, har liman ya aiko. Ko ɗaya ya kwanta?"

"Lado fa?"

Rifkatu ta share ido da bakin zane.

"Lado ba ya saye. Rabon da uwarsa ta aiko shi da kwano tun kaka. Zuwa yake ya tsaya can nesa, yana kallon kasko. In na tashi sai in kira shi in ba shi ɓarɓashi, shi da ƙaramin ɗana, a leda ɗaya. Ga nawa can yana wasa."

Rahila ta leƙa ta ga yaron. Ta fito ta gaya wa masu tsaye a ƙofar cewa duk wanda ya sake ɗaukar dutse a ofis zai kwana.

Ta biyu da aka ambata ita ce Fatu, Bafulatana mai kawo nono unguwar. Rahila ta tare ta a bakin ƙofar gari, ƙwaryarta ko rabi ba ta kai ba.

"Ni?" Fatu ta sauke ƙwarya tana dariyar takaici. "'Yar sanda, dubi nonon. Shanun da suka rage ko maruƙansu ba sa ƙosarwa. Gidajen masu albashi nake kai wa, su ma da faɗa."

"Ba ki shiga gidan Malam Shehu masaƙi?"

"In shiga in yi mi? Rabona da gidan tun ranar da maigidana ya sayi akuyarsu. Ita ce ta ƙarshe. Matar ta biyo ta har zaure tana kuka, kamar ɗiya aka ɗauka."

Rijiya ma Rahila ta duba. Unguwa duka ita ake sha, ba wanda ta kayar. Aka rasa inda za a kama. Yara suna kwance, manyan gidajen lafiya lau, kowa kuma ya ce tukunya ɗaya aka ci.

Kashegari Rahila ta cire kaki ta ɗaura zane, ta shiga gidan makoki ta zauna cikin mata. A nan na fara ganinta. Ba ta tambayi kowa komai ba. Idonta ne kawai ke yawo. Ta dubi turken da ba akuya, ta dubi madafa, ta dubi rariya da aka jingine a bango. Kubura ta dawo daga asibiti da azahar, ta shige madafa ita kaɗai, ta jima, ta fito da ɗan kwano a ƙulle cikin tsumma, ta koma asibiti.

Fitarta ke da wuya aka yi sallama ƙasa-ƙasa daga soro. Wata tsohuwa ce da buhu a ka. Da ta ga taron mata sai ta ja baya.

"Af, na manta ana zaman makoki. Na akuya ne na kawo. Na dawo."

Ba wadda ta kula. Rahila ta sake duban turken nan, ta miƙe ta bi ta. Ta cim mata a lungu.

"Inna, sannu da rana. Ya sunan?"

"Kulu. Kulu mai dusa, kowa ya san ni."

"Wace akuya kika kawo wa dusa?"

"Ta gidan."

"An sayar da ita tun kaka."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ɗiyar wa ce?"

"'Yar sanda ce ni, Inna. Sauke buhun."

Kulu ta sauke, amma ta dafe bakinsa da hannu.

"Ɗiyata, ni ba na tona asirin mutane. In mace ta ce mini na akuya take so, na akuya nake kawowa. Ba na leƙa turke."

"Gida nawa kike kai wa da ba su da akuya?"

"Ban ƙirga ba."

"Gidan mai gyaran keke yana ciki? Da gidan ladan?"

Nan ne gidajen sauran yaran biyu. Bakin Kulu ya buɗe. Hannunta ya sauka daga kan buhun.

Rahila ta ɗebi dusar ta baza a tafin hannu. Ja ce.

"Dusar mi ce wannan?"

"Ta dawa ƙaura. Ba ki ga ja ba?"

Rahila ta hure ta a hankali. Tsakin da ya rage a hannunta fari ne fat. Ta nuna wa tsohuwar.

"Farfara ce wannan, Inna. Yaushe farar dawa ta fara ba da jar dusa?"

Ta tofa yawu ta murza. Jan ya kama fatar hannunta kamar lalle. Ta shinshina, wani wari ya doki hancinta, warin da ta sani tun tana yarinya a gonar mahaifinta. Irin shuka ne, wanda ake cuɗawa da hodar magani don kada ƙwari da tsuntsaye su ci shi a ƙasa. Ana rina shi ja ne don kada wani ya kai shi baki.

"Masu awaki suna sayen wannan?"

"Sun saya sau ɗaya, suka ce akuya ta shinshina ta kau da kai. Sai na riƙa kai musu ta injin bakin kasuwa. Wannan ta fi araha, shi ya sa..."

Sai a lokacin Rahila ta tuna da ɗan kwanon da aka ƙulle a tsumma.

Ta bar tsohuwar da buhun a hannun mai unguwa, ta fita titi da gudu. Wani ma'aikaci ya zo wucewa a kan sabon babur, ta sha gabansa, ta haye baya ba tare da ta tambaye shi ba. Har suka isa asibiti ba ta daina dukan kafaɗarsa ba.

Ta tarar Kubura ta tada Saudatu ta jingina ta a ƙirji. Ludayi yana hannunta. Leɓen yarinyar ya riga ya jiƙe.

"Aje!"

Kubura ta firgita, kunun ya zube a zanen gado.

"Ludayi nawa ta sha?"

"Yanzu na fara. Kurɓa ɗaya ta yi. Kunu ne, Kofur, kunun tsamiya ne kawai."

"Kunun mi?"

Kubura ta dubi matan da ke sauran gadajen. Duk sun zuba ido. Rahila ta ja labule, ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta sassauta murya.

"Ni ma na sha shi, shekarar da fara ta cinye mana gona. Ba wanda zai ji daga bakina. Amma dusar nan akwai guba a cikinta."

Kubura ta daɗe tana kallon kwanon. Da ta fara magana, muryarta ba ta fita sosai.

"Ɗan abin da Malam ke aunowa ba ya isa. Shi nake tuƙa mashi, don a zaure yake ci, da mutane. In aka ga kwanonsa ba tuwo, ya zai yi da idonsa? Su kuma sai in tankaɗe dusa in dama masu, in sa tsamiya da yawa don warin."

"Ke fa?"

"In sun rage."

"Suna ragewa?"

Kubura ta girgiza kai. Sannan ta ce, "Yaron nan shi ya fi ci. Ranar har ya ce in ƙara mashi. Na ƙara."

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Rahila ta ɗauke kwanon, ta zaga ta karɓe na sauran uwayen biyu, ta kai wa likita. Ya shinshina, ya ce yanzu ya san hanyar da gubar ta shigo, amma har yanzu bai san ko wace ce ba.

"Ki nemo mini buhun ko gwangwanin. Sunan yana jiki. Yamma ta kusa, kuma ta riga ta kurɓa."

Kulu ce ta kai Rahila da Sajan Isiyaku inda take ɗauko jar dusar. Injin surfe ne da niƙa a Ƙofar Ƙaura, na Alhaji Babaji, ɗan kwangila. Kafin su shiga Rahila ta tsaya ta dubi filin.

"Sajan, ka taɓa ganin injin niƙa ba kaji?"

Sajan ya duba. Ko tattabara babu. Kwatar da ta fito daga bayan ginin ta bushe, gefenta ya yi ja.

Alhaji Babaji ya fito da fara'a, da agogon zinariya a hannu. Aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa da zafi. Ya sa a kawo lemo. Sajan ya ce a bar shi.

"Alhaji, kai aka ba kwangilar kai irin shuka ƙauyuka bana?"

"Ni ne. Na kai kuwa."

"Duka?"

"Abin da aka ba ni."

"Wannan dusar daga injinka ta fito?"

Ya leƙa buhun daga nesa, bai taɓa ba. "Mai yiwuwa. Mutane na kawo surfe iri-iri, Sajan. Wa ya san abin da kowa ke zubawa? Ni inji gare ni, ba ni bin hatsi gona."

"Wato ba ka san akwai wani abu a cikinta ba."

"Wallahi yau na fara ji."

Rahila ta bar su nan. Ta zagaya bayan ginin. Akwai rumfa, a ƙarƙashinta raguna na kiwo, manya, sai sheƙi suke. Ta sa hannu a kwamin da suke ci, ta ɗebo, ta dawo ta buɗe tafinta a gaban Alhaji. Dusa ce fara, mai kyau.

"Alhaji, wannan fa daga ina?"

"Dusa ce."

"Na gani. Ga tulin dusa can a ɗakin injinka, har ta kusa kai taga. Mi ya sa ragunanka ba sa cin ta?"

"Ba sa so."

"Inna Kulu, wa ke kawo wa ragunan nan abinci?"

Tsohuwar ta matso. Ta dubi Alhaji.

"Ni ce. Daga injin bakin kasuwa nake ɗauko mashi. In kawo fara, in fita da ja. Ya ce ko da wasa kada in bari ta gidan ta taɓa kwaminsu. Ya sa an kwashe kajinsa an kai gida."

"Tsohuwar nan ta ruɗe," in ji Alhaji.

"Ban ruɗe ba. Na ce maka awaki sun ƙi ta. Ka ce to wa ke saye? Na ce waɗanda ba su da ko kaza. Ka yi dariya ka ce kowa da akuyarsa."

Sajan ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfar. Buhuna ne aka farke aka shimfiɗa don inuwa, an juya cikinsu waje. Ya miƙa hannu ya fizgo ɗaya ya juya. Ga rubutu da jan fenti, ga hoton ƙoƙon kan mutum.

Fara'ar Alhaji ta ɗauke.

"Sajan, mu shiga ciki mu yi magana."

"Yi ta nan."

"Na surfe shi. Na sa an wanke, an sake wankewa, an shanya. Hatsin ya fita fari tas. Mutane na neman abinci, ni kuma ga abinci zube za a kai a binne a ƙasa, ruwan ma ba a san ko za a yi ba. Dusa kuwa ta dabbobi ce. Ni ban ce mutum ya ci dusa ba."

"Ka dai hana ragonka," in ji Rahila.

Ta karɓi buhun daga hannun Sajan, ta naɗe, ta hau babur ɗinsa ta bar shi yana ɗaura wa Alhaji ankwa.

Ta isa asibiti ta tarar fizgar ta fara. Ma'aikatan jinya biyu sun danne Saudatu, Kubura tana tsaye jikin bango ta toshe baki da hannu biyu. Likita ya karanta jikin buhun, ya kira sunan wata allura, aka ruga aka kawo. Rahila ta tsaya a ƙofa. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a nan ba. A hankali ƙafafun yarinyar suka daina dukan gado. Numfashinta ya daidaita. Kafin magariba ta buɗe ido ta ce ruwa.

Da aka zo rubuta bayani a ofis, Sajan ya ce Rahila ta faɗa masa yadda ta bi, tun daga farko.

"Manya ba su kwanta ba, yara sun kwanta," in ji ta. "Ke nan ba tukunya ɗaya ake ci ba, ko da kowa ya rantse. Ƙosai da nono da rijiya duk na kowa ne, sai na cire su. Abin da ya rage shi ne abin da ake ci a ɓoye. Rifkatu ta nuna mini akwai yunwa a gidan. Fatu ta gaya mini ba akuya. Sai ga dusa ta zo. Maganin a bayan ƙwaya yake, surfe kuwa bayan ƙwaya yake cirewa, don haka duk gubar a dusa ta taru. Mazan suna cin hatsin kasuwa, matan suna haƙura, yara su kaɗai ke sha. Saudatu kuma tana tashi tana komawa ne don kullum da azahar ana kai mata daga gida."

"Shi Alhaji, da ya tsaya a kan bai sani ba fa?"

"Mai inji ba ya sayen dusa a waje, Sajan, sai in yana tsoron tasa."

An bi gida-gida an kwashe jar dusar, an haƙa rami a bayan gari an binne. An bi sawun hatsin da ya sayar, an samu wani, wani kuwa an riga an ci. An kai Alhaji Babaji kotu, an ɗaure shi. A gaban alƙali Rahila ta ce yara ne suka ci dusar, ba ta faɗi wanda ya dama ba. Malam Shehu yana wurin. Daga ranar ya daina cin abinci a zaure.

Saudatu ta rayu, ita da sauran biyun. Ranar da za a sallame ta Rahila ta zo. Likita yana yi wa Kubura bayani, wata ma'aikaciya tana fassarawa: a ba yarinya madara, da ƙwai, da wake, da nama in an samu, don jikinta ya dawo. Kubura tana ta cewa to, to.

Da suka fito, ta goya Saudatu, ta ja Rahila gefe, inda ba mai ji.

"Kofur, don Allah in tambaye ki."

"Ina jin ki."

"Ita waccan, ta injin bakin kasuwa. Farar." Ta gyara goyon, ba ta ɗago ido ba. "Ita ba ta da komai, ko?"